Takardar Shaidar Nutso ta Gaba: Ko Tana da Amfani ga Mutumin Gwarzo da Kabo?

Gabatarwa

Bahaushe ya ce, "Iya ruwa fid da kai." Wanda bai san ƙasar Kano ba zai yi tsammanin wannan karin magana ba ta shafi mutanen yammacinta ba, tun da yake teku na can nesa da su. Amma tun daga zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka shiga datse koguna a jihar. A yankin Gwarzo da Kabo akwai madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi, ga ta Watari a Bagwai, ga kuma babbar ta Challawa a ƙasar Karaye wadda aka kammala a 1992. Ashe ke nan ruwa mai zurfi ya zo har ƙofar gida. Wannan ɗan bayani zai duba matakan koyon nutso na zamani, domin a gane ko takardar mataki na gaba ta cancanci a wahala a neme ta.

Matakan Koyo

Masuntanmu sun daɗe suna kurme, sai dai iyakarsu abin da ƙirji ya riƙe na numfashi. A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙago na'urar da ke shayar da mutum iska daga tukunyar da ya goya. Daga nan ƙungiyoyin horarwa suka kunno kai, wadda ta fi shahara ita ce PADI da aka kafa a Amurka a 1966. A tsarinta, takardar farko tana ba mutum izinin nutsawa har mita 18. Ta biyu kan kai shi mita 30, bayan ya yi nutso biyar tare da malami, biyu daga ciki tilas ne, watau na zurfi da na gane hanya da kamfas. Ta uku ita ce ta ceto, ba a kuwa karɓar ɗalibi sai ya koyi gane hanya da agajin farko. Iyakar nutson nishaɗi baki ɗaya mita 40 ce.

Abin da Zurfi Ke Yi wa Jiki

Dalilin wannan hawa-hawa shi ne nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya gangara, matsin da ke kansa kan ƙaru da kwatankwacin na iskar da muke ciki. A mita 30 ya zama ninki huɗu, saboda haka tukunyar iska kan ƙare da sauri ninki huɗu. Bugu da ƙari, iskar naitirojin kan sa wa mutum maye a irin wannan zurfi, har ya rasa sama da ƙasa. In kuwa ya taso da gaggawa, sai iskar nan ta yi kumfa cikin jini da gaɓoɓi, kamar an buɗe kwalbar lemo, abin da kan jawo shanyewar jiki ko ajali. Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Jadawalin nutso an tsara shi ne don bakin teku, duk wurin da ya haura mita 300 sai an yi masa gyara. Ƙasar Kano kuwa ta zarce mita 400. Wanda ya koyo a Legas ya zo ya faɗa Guzuguzu da lissafin can, ya ɗauki kasada.

Ina Ribar Take?

Masu yawon shaƙatawa a Bahar Maliya suna neman takarda ta biyu ne domin su ga kifaye da jiragen da suka nutse. Mu ruwanmu ba haka yake ba. Da damina ja ne wur, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, ƙasansa kuma laka ce da kututtura da tsofaffin kalli da komar masunta. Saboda haka ƙarin mita 12 ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne gane hanya cikin duhu, da lalube bisa tsari da igiya, da kuɓuta in taru ya sarƙe mutum. Takarda ta biyu ɗanɗano kawai take bayarwa na waɗannan, domin nutso biyar ba ya mai da kowa gwani. Darajarta ita ce buɗe ƙofar horon ceto.

Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a Watari ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu yara. Masu iyo na yankin da 'yan kwana-kwana su ne suka shiga ruwa. Amma fa a faɗi gaskiya: ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu numfashi, saboda haka mai tukunya yawanci gawa yake tsamowa. Wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne, domin iyayen da suka sami yi wa ɗansu sutura ba ɗaya suke da masu zaman jira a bakin gaɓa ba.

Kammalawa

Ga mai sha'awa kawai, wanda sai shekara ta zagayo yake ganin ruwa, takardar nan ado ce a bango, haɗari ce kuma in ta sa shi ya ɗauki kansa gwani. Ga ɗan masunci ko ɗan kwana-kwana da ke zaune kusa da madatsa, lalle ta cancanta, muddin zai zarce zuwa matakin ceto, ya sami abokin nutso, ya kuma riƙa gwaji a ruwan garinsu. Ya kamata ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su nemi shawarar sarakunan ruwa wajen zaɓen samarin da za a horar. Kafin nan kuwa, rigar ruwa ga kowane fasinja da hana yi wa jirgi lodi fiye da kima su ne na farko, domin rigakafi ya fi magani.