Ko Kun Sani? A ƙauyukan Agiye, jandarma ne mai karɓar ƙara

A Nijar, aikin tsaron cikin gida an raba shi gida uku. 'Yan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma galibin aikinsu a birane yake. Jandarma soja ne, ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, shi ke kula da karkara da manyan hanyoyi. Gardi kuwa, wato rundunar da ta samu sunanta na yanzu a 2010, ita ke gadin gidajen kaso da gine-ginen hukuma. Shi ya sa manomin da aka sace wa shanu a ƙauyen Agiye ko Gidan Rumji yakan fara da mai gari, daga nan sai ofishin jandarma.

Wasu na ganin wannan rabo ɓarnar kuɗi ce, tunda kowace runduna na bukatar nata gini da motoci. Akwai gaskiya a ciki. Amma matsalar da ta fi damun talaka ita ce nisa. A 2011 aka cire Gazawa daga Agiye ta zama gunduma, kuma ita da Gidan Rumji duk suna kan iyakar Najeriya, inda tun 2019 masu gudun 'yan bindiga ke tsallakowa. Jami'in da ke zaune kusa da jama'a, da ofishi mai kyau da shugaba mai sa masa ido, ya fi wuyar karɓar na goro. Don haka ya kamata hukuma ta kai ofisoshin tsaro da isassun ma'aikata garuruwan bakin iyaka.