Numfashin Inji: Salansa da Batun Ƙara wa Mota Ƙarfi

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi ta bakin direbobi da kanikawa akwai kalmar salansa. A harshen da aka aro ta, ma'anarta ba ta wuce abin da ke sa shiru ba, watau tukunyar nan ta ƙarfe mai kashe ƙarar inji. Da ta shigo Hausa sai ma'anarta ta faɗaɗa, ta ƙunshi bututun hayaƙi gaba ɗayansa, tun daga jikin inji har zuwa bayan mota. Akwai kuma wata fahimta da ta bazu a tsakanin masu motoci, musamman matasa, cewa bututun nan ba shi da wani aiki illa toshe bakin inji, saboda haka in aka fasa shi, ko aka musanya shi da mai faɗi, to mota za ta ƙara ƙarfi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa ƙara daban, ƙarfi daban, kuma ƙarfin inji ya ta'allaƙa ne ga yawan iskar da yake iya shaƙa ya ƙona mai da ita.

Yadda Inji Ke Numfashi

Injin fetur da ke cikin galibin motoci yana bin tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876. Fistin yana yin motsi huɗu a cikin silinda kafin aiki ya zagayo. Da farko ya sauka, ya zuƙo iska da mai. Na biyu ya hau, ya matse su. Na uku fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ta tura shi ƙasa da ƙarfi. Na huɗu ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje. Daga cikin huɗun nan, na uku kaɗai ke samar da ƙarfi. Sauran duk hidima ce gare shi.

Domin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar iska kilo 14.7. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa mudun da aka saba da shi, litar fetur ɗaya tana bukatar iska kimanin lita 9,000. Ashe ke nan ƙara wa inji mai ba wuya ba ne, iskar da za ta ƙona shi ita ce aikin. Man da aka ƙara ba tare da iska ba, baƙin hayaƙi kawai zai zama.

Ana iya ganin shaidar wannan a ƙasar nan. Iska tana raguwa da kauri gwargwadon yadda aka yi sama, har injin da ba shi da abin tura masa iska yakan yi hasarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, don haka motar da ta taso daga Ikko, a bakin teku, takan rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta in ta isa can, alhali kuwa ba abin da ya lalace a jikinta.

Aikin Bututun Hayaƙi

Hayaƙi ba ya fita daga inji kamar yadda ruwa ke zuba daga famfo. Fita yake yi bugu-bugu. Inji mai silinda huɗu, idan yana juyi 3,000 a minti, yana sakin bugu 100 a kowace daƙiƙa. Kowane bugu, sa'ad da ya wuce cikin bututu da sauri, yakan bar wani ɗan gurbi a bayansa, wanda ke janyo hayaƙin silindar da ke biye. Ta haka silinda ke wofinta sosai, ta sami wurin karɓar sabuwar iska. Masu ƙera mota sukan auna faɗin bututu da tsawonsa domin wannan jan ya dace da gudun da ake yi yau da kullum.

Idan bututu ya cika ƙunci, hayaƙi zai cushe, fistin ya ɓata ƙarfinsa wajen tura shi. Idan kuwa ya cika faɗi, saurin hayaƙin zai ragu, jan nan ya raunana, mota ta yi nauyin tashi a cikin gari da wajen hawan tudu. Abin da aka samu a ƙarshen totur, inda direba bai cika kaiwa ba, an biya shi da hasara a ƙananan juyi, inda yake wuni. Ita kuwa tukunyar baya, wadda ita ce salansa ta asali, sauya ta kaɗai a ƙaramin inji ba ya ƙara wani abin a-zo-a-gani. Kunne ne ke ruɗin mai mota: ya ji ruri, ya zaci gudu ne.

Abin da Ake Kira Indomi

A tsakanin inji da tukunyar baya akwai wata tukunya, wadda cikinta ke da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Kanikawan Nijeriya sun laƙaba mata suna indomi, saboda kamar da cikin nata ya yi da taliyar nan. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, watau filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke juya guba uku ta hayaƙi zuwa abin da bai kai su cutarwa ba. Gubar su ne kabon monoksaid, da ragowar man da bai ƙone ba, da sinadaran naitirojin. Wannan na'ura ta zama ruwan dare a motocin Amurka daga shekarar 1975, bayan dokar tsabtace iska ta 1970.

Tsadar ƙarafan nan ita ta sa ɓarayi ke yanke ta, ita kuma ta sa wasu ke ba mai mota shawarar ya cire ta, wai don inji ya sami sarari. Gaskiyar magana ita ce, lafiyayyar indomi kaɗan ƙwarai take tauye wa inji. Wadda ta toshe lalle tana shaƙe shi, amma ruwa ba ya tsami banza: galibi mataccen fulogi ne ke barin ɗanyen mai ya isa gare ta ya narkar da ita, ko kuwa inji ne ke shan baƙin mai. Wanda ya fasa ta bai gyara waɗannan ba, ya bar cutar yana jinyar alamarta. Bugu da ƙari, a motocin zamani akwai na'urar auna iska a bayanta. In an cire ta sai fitilar gargaɗi ta kama ta ƙi mutuwa, ta yadda in wata sabuwar matsala ta taso direba ba zai sani ba. Mafi muni, kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya. Mai talla a bakin titi da ɗan makarantar da ke tsaye a mahaɗar hanya su ke shaƙar abin da mai motar ya saki.

Hanyoyin Ƙara Ƙarfi na Haƙiƙa

Mataki na farko, kuma mafi araha, shi ne a maido wa inji ƙarfin da ya ɓace masa. A ƙasar da ƙurar hunturu ke cika sararin sama, matatar iska takan toshe da wuri. Sabunta ta, da sauya fulogi, da wanke injekta ko kafireta, da auna matsin kowace silinda, sukan farfaɗo da tsohuwar mota fiye da kowane sabon bututu.

Mataki na biyu shi ne a tura wa inji iska da ƙarfi. Kusan sulusin zafin man da inji ke ƙonawa ta bututun hayaƙi yake salwanta. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar cin moriyar wannan hasara a shekarar 1905: hayaƙi ya juya wata farfela, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska cikin silinda. Wannan ita ce na'urar da ake kira turbo. A injin da aka ƙera da ita, sake tsara kwamfutar da ke raba mai da iska yakan ƙara ƙarfi sosai, kuma a nan ne faɗaɗa bututu ke da amfani na gaske. A injin da ba shi da ita, ribar irin wannan gyara ba ta da yawa.

Abin da Ƙarfi Ke Ci

Kowane ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne da ƙarin matsi. Idan fetur bai da ingancin jure matsin, sai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, abin da ke jawo ƙwanƙwasar da kan ƙona gaskit ko ta huda fistin. Lagireto da kuloci da giya, duk an auna su ne daidai da ƙarfin asali. Daɗin daɗawa, lissafi ba ya goyon bayan mai son gudu. Ƙarfin da mota ke bukata don keta iska yakan ninka sau 8 idan gudu ya ninka sau 2. Saboda haka ƙarin kashi 10 cikin 100 na ƙarfi ba zai ƙara wa ƙarshen gudu fiye da kimanin kashi 3 ba: motar da ke tsayawa a kilomita 160 a awa za ta kai 165. A ɗaya ɓangaren kuma, idan gudu ya ninka sau 2, nisan da burki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkawa yake yi sau 4.

Kammalawa

A taƙaice, inji da bututunsa abu guda ne da aka auna sassansa da juna, kuma wanda ya taɓa sashe ɗaya bai duba sauran ba, yana iya neman ƙiba ya samo rama. Mai hankali zai fara da gyaran abin da ya lalace, sa'an nan ya duba burki da taya, kafin ya waiwayi ƙarin ƙarfi. Ya kamata kuma duk wanda aka ba shawarar cire indomi ya fara tambayar abin da ya toshe ta, ya kuma nemi a damƙa masa tsohuwar a hannunsa, domin kuwa kuɗi ce.