Kukan aksul ɗin baya: Gyaran a-kori-kura ba a gareji yake ƙarewa ba

Da kaka ne mai a-kori-kura ke fanshe zaman damina. Shi ya sa da motar yayana, mai jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau a Kano, ta fara wani siririn kuka daga baya, sai ya ƙara wa rediyo murya ya ci gaba da lodi. Kafin mako uku kukan ya koma gurnani, dole aka kai ta gareji.

Da aka tsiyaye man aksul, ya fito fari-fari kamar kunu, alamar ruwa ya shiga tun lokacin da ake ratsa rafuka da damina. Maganaɗisun da ke jikin notin tsiyaya kuma ya cika da ɓarɓashin ƙarfe.

Me ke cikin tukunyar?

Tukunyar ƙarfen da ke tsakiyar aksul ɗin baya, wadda ake kira difaranshal, ita ke karɓar juyin farfela ta raba wa tayoyi biyu. Ita ce kuma ke ba tayar waje damar gudu fiye da ta ciki idan an sha kwana. A cikinta akwai ƙaramin giya, wato finiyan, da ke juya babban giya mai kama da faranti. Idan babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, sai farfela ta juya sau 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya.

Kowane kuka da inda yake nunawa. Wanda ke tashi idan an taka totur yawanci na haƙoran giya ne da suka cinye ko ba su hau juna daidai ba. Wanda ke zuwa idan an ɗaga ƙafa ya fi nuna boris ɗin finiyan ya saki. Gurnanin da ke sauyawa a kwana na iya zama boris ɗin taya. Ƙarar "ƙwas" wajen tashi kuwa, a fara duba kuros ɗin farfela kafin a ɗora wa aksul laifi.

Inda aikin yake

Giyoyin nan biyu tare ake goge su tun a masana'anta, don haka tare ake sauya su. Haɗa sabo da tsoho kiran wani kukan ne. Idan motar mai jan tayoyi huɗu ce, dole lissafin juyin giyan baya ya zo daidai da na gaba.

Sannan sai saiti. Ratar da ake bari tsakanin haƙora a irin waɗannan motoci ba ta cika wuce milimita 0.13 zuwa 0.25 ba, gwargwadon littafin motar, kuma da agogon awo ake auna ta, ba da hannu ba. Makanike mai kula zai shafa wa haƙoran launi ya juya, ya ga ko shaidar ta sauka a tsakiyar haƙori. Man da za a zuba kuma ya zama man giya mai lambar GL-5, kamar 80W-90, domin haƙoran nan gogar juna suke yi, ba turawa kaɗai ba.

Kilomita 800 na farko

A nan yayana ya yi asara. An gama gyara da yamma, washegari da asuba ya cika mota da buhunan masara. Sabbin haƙora ba su gama kwanciya da juna ba, zafinsu ya fi na tsofaffi. Nauyi ya ƙara zafin, mai ya tsinke, fuskar ƙarfen ta ƙone. Cikin kwanaki kukan ya dawo, kuma irin wannan kukan ba mai da ke kashe shi. Sai da aka koma Ƙofar Ruwa aka sake sayen kaya.

A karo na biyu ya bi ƙa'idar da masu ƙera giya ke bayarwa. Ya yi tafiyar kilomita 25 zuwa 30 a hankali ba kaya, ya tsaya aksul ya huce sarai, ya maimaita haka sau uku. Bai ɗauki lodi mai nauyi ba, bai ja wata mota ba, bai kuma daɗe a kan gudu ɗaya ba, har ya cika kilomita 800. Daga nan aka zubar da man aka zuba sabo, don fitar da ƙurar ƙarfen da ta taru. Aka kuma share ɗan bututun shan iska da ke saman aksul, wanda idan ya toshe yakan sa mai ya ɓalle ta sil.

Haƙurin ya ci masa kusan mako biyu na ƙananan lodi a tsakiyar kaka, abokan sana'arsa na ta kwasar ciniki. Amma gaggawar farko ta ci masa kuɗin giya biyu, da ladan makanike sau biyu, da kwanakin da mota ta yi a ajiye. Da ma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Yau shekara guda ke nan motar na ɗaukar buhunanta, ba abin da ake ji daga baya sai ƙarar taya a kan kwalta.