Yadda Ake Tsabtace Bangon Tsohon Ɗaki

A biranen ƙasar Hausa akwai tsofaffin ɗakuna da soraye da suka ga jiya suka ga yau. Gidan Makama na Kano yana cikinsu, haka kuma tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, fiye da shekara 150 da suka wuce. Da tubali aka gina su. Shi tubali ƙasa ce da ake kwaɓawa da ciyawa, a cura da hannu, a shanya a rana har ya bushe, ba a gasa shi da wuta. Saboda haka ruwa shi ne babban abokin gabansa. Wanda ya ɗebi ruwa ya kwara wa bangon tubali don ya wanke shi, ya mai da ginin laka ke nan.

Abubuwa huɗu ne suka fi ɓata bango daga ciki. Na fari ƙura da yanar gizo. Na biyu kunkunniya, watau baƙin da hayaƙin itace ko na fitila ke bari. Na uku gara, wadda ke gina hanyarta a jikin bango. Na huɗu kuwa wani farin gari ne mai kama da kanwa, wanda ke fitowa a gindin bango. Asalinsa damshi ne da ke hawowa daga ƙasa da damina, ɗauke da gishiri. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna, yana cin bangon kaɗan kaɗan.

Da rani ya kamata a yi wannan aiki, lokacin da bango ya bushe ƙayau. Da farko sai a fitar da kaya waje, a buɗe ƙofa da taga don iska ta shiga. Mai aikin ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, gama tsohuwar ƙura tana kawo tari. Sa'an nan a ɗaura tsintsiya mai laushi a kan doguwar gora, a fara kakkaɓewa daga rufi, a gangaro ƙasa. In an fara daga ƙasa, dattin sama zai zubo a kan wurin da aka riga aka share, aiki ya koma baya.

Farin garin nan na gindin bango a bushe ake goge shi, a kwashe, a zubar nesa da ɗaki. In aka sa masa ruwa sai ya narke ya koma cikin bango, bayan 'yan kwanaki ya sake fitowa. Kunkunniya mai kauri kuwa a hankali ake kankare ta da ɗan katako, ban da wuƙa, don kada yaɓe ya zube. In an ga hanyar gara sai a rushe ta, a bi sawunta har inda ta fito. Kada yaro ya kuskura ya zura hannu cikin rami ko tsaga, don nan ne maɓoyar kunama.

Bayan an share, sai a duba bango da kyau. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramar tsaga ana cike ta da irin ƙasar da aka yi ginin da ita. Ba a shafa wa bangon tubali siminti, domin yakan hana damshi fita, ƙasar ta ruɓe a bayansa. Babbar tsaga kuwa sai a kira magini tun kafin ruwa ya sauka, gama irinta ce ke sa ɗaki ya faɗa wa mutane da damina. Daga ƙarshe a dama farar ƙasa, a shafa sau biyu, amma sai shafin farko ya bushe tukuna.

Akwai kuma bangon jan bulo, wanda aka gasa da wuta. Shi yana jure ruwa, amma tsohonsa yana son lallaɓawa. Ana share shi, a jiƙa shi kaɗan, a cuɗa da ruwan sabulu da buroshi mai laushi, sa'an nan a ɗauraye. Buroshin ƙarfe yakan cinye fuskar bulo, saboda haka ba a amfani da shi. Kullum a fara gwadawa a wani lungu da ido bai cika kaiwa ba.

Ɗakin da ake yi wa haka kowace shekara yakan yi haske, ƙwari su rasa wurin zama, jikoki kuma su gaje shi yana tsaye.

Tambayoyi
1. Don me ba a wanke bangon tubali da ruwa?
2. Daga ina farin garin gindin bango ke fitowa?
3. Yaushe ya kamata a kira magini?