Zirkoniya: Shimfiɗar da Ba Ta Tsoron Wuta a Cikin Salansar Mota

A cikin salansar motar fetur akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda makanikai a Najeriya ke kira "indomi". Aikinsa shi ne rage gubar hayaƙi, musamman iskar kabon monoksaid, kafin ta fito mu shaƙa. Masu yin aikin su ne ƙarafa uku masu tsadar gaske: filatinam, faladiyam da rodiyam. Masana na kiran irinsu katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Kamar dillali ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya koma ya jira wasu.

To, giram kaɗan na waɗannan ƙarafa ake sawa a mota guda. Ta yaya ɗan wannan zai ishi hayaƙin inji? Sai an shanya shi. Kowa ya san hatsin da aka baza a tabarma ya fi wanda ke cikin buhu saurin bushewa. Haka ake baza ƙarfen ƙanana-ƙanana a kan wani gari mai yawan ƙofofi, domin hayaƙi ya taɓa kowace ƙwaya. Ɗaya daga cikin irin wannan shimfiɗa ita ce zirkoniya.

Zirkoniya haɗin ƙarfen zirkoniyam ne da oksijin. A 1789 wani Bajamushe, Martin Klaproth, ya gano ta a cikin dutsen zirkon. Ostareliya da Afirka ta Kudu ne kan gaba wajen haƙo shi, kuma ana samun sa a yashin kuza na yankin Jos. Ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 2,700 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin salansa da wuya ya wuce 1,000. Sannan ba ta haɗiye rodiyam kamar yadda alumina, wata sananniyar shimfiɗa, ke yi idan wuta ta yi yawa.

Amma fa kada mu ce an gama. Tun kafin narkewa, zafi na yi mata illa ta hanya biyu.

Ta farko, sauya tsari. Ƙwayoyin zarra na zirkoniya na jeruwa iri uku, kamar yadda magini ke jera bulo iri-iri. A zafin ɗaki tsarin a karkace yake, ana ce masa monokilinik. A wajen digiri 1,170 sai ya miƙe ya zama tetiragonal, a wajen 2,370 kuma ya zama kubik, mai ɓangarori daidai. Matsalar tana wajen hucewa: idan ta dawo monokilinik sai ta kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ta tsattsage.

Ta biyu, curewa. Da zafi ya daɗe, ƙananan ƙwayoyin garin sai su manne da juna, ƙofofin su toshe, ƙarfen da aka shanya ya dunƙule ko ya binne. Abin mamaki, illolin biyu a haɗe suke. A 1965 Ronald Garvie ya nuna cewa ƙwayar da ba ta kai nanomita 30 ba tana iya riƙe tsarin tetiragonal ko a zafin ɗaki. Da ta girma, sai ta juye.

Maganin shi ne gauraye. Idan aka sa ɗan sinadarin itiriya, yakan riƙe tsarin ya hana shi juyewa. A mota kuwa, tun shekarun 1990 ana haɗa ta da seriya. Seriya rumbun oksijin ce: tana ajiye shi idan ya yi yawa a hayaƙi, ta sake shi idan ya yi ƙaranci, don aikin ƙarafan kada ya tsaya. Ita kaɗai tana lalacewa da zafi, amma da zirkoniyam a jikinta tana jurewa, kuma har oksijin na can ciki yana samun fitowa. Ka ga ke nan shimfiɗar ma tana cikin aikin.

Duk da haka juriya na da iyaka. Motar da fulogi ya mutu tana tura ɗanyen mai cikin salansa, ya kama a can, zafin ya wuce kima har ya cure garin ko ya narkar da saƙar. Gyaran fulogi da wuri ya fi sayen sabon indomi araha. Wanda kuma ya bari aka fasa aka cire masa don 'yan kuɗin ƙarfen, gubar ce ya saki a kan mai babur da mai talla da ke bayansa a cunkoso.