Bindigar Kamfani ko ta Oda: Lissafin da ke Gaban Mai Sha'awar Harbin Nesa

JOS — Wasan harbin bara daga nesa, wanda a cikinsa ake auna ƙwarewar maharbi a kan allon da ke nesa da shi da yadi 300 har zuwa yadi 1,000, ya zama babbar kasuwa a Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu. 'Yan kasuwar ƙasar nan da ke yawan tafiye-tafiye suna cin karo da shi, wasu kuma sukan dawo da tambayar da ta daɗe tana raba kan ma'abota wasan: shin bindigar da kamfani ya ƙera da yawa ya zuba a kanti ce ta fi, ko kuwa wadda gwanin maƙeri ya haɗa wa mutum shi kaɗai bisa oda?

A Jos, inda farauta da ƙira suke da dogon tarihi, tambayar tana da fuska biyu. Akwai lissafin kuɗi da inganci, wanda bai bambanta da na sayen kowace na'ura ba. Akwai kuma doka, wadda a Nijeriya ita ce ke yanke hukunci tun kafin a kai ga batun farashi.

Abin da mai saye yake biya

Ma'aunin da ake gwada bindigar harbin nesa da shi guda ne, wato yadda harsasanta ke taruwa wuri ɗaya idan aka harba su a jere. Bindigar da ke tara harsasai cikin faɗin inci 1 a nisan yadi 100 ana ɗaukarta mai kyau. Amma wannan inci 1 yana zama kimanin inci 10 a nisan yadi 1,000, saboda ɓatan saiti yana ƙaruwa daidai da nisa. A gasar da ake kira F-Class, wadda wani ɗan Kanada mai suna George Farquharson ya assasa, da'irar tsakiyar allo ba ta wuce kimanin inci 5 a wannan nisa. Ke nan ɗan bambancin da ido ba ya gani a kusa shi ne ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Shekaru da dama, wanda ke neman irin wannan daidaito sai ya je wurin maƙeri. Yawanci akan ɗauki jikin bindigar Remington 700, wadda ta shigo kasuwa a 1962, a daidaita ta, a sa mata bututu daga ƙananan kamfanoni irin su Krieger da Bartlein na jihar Wisconsin a Amurka, a canza kunama, sannan a gyara gindin ya dace da kafaɗa da tsawon hannun mai ita. Kowane ɓangare kuɗinsa daban, ga ladan aikin maƙeri, ga jira na watanni kafin oda ta fito.

Lamarin ya sauya bayan da injinan da kwamfuta ke sarrafawa suka yawaita a masana'antu. A 2007 kamfanin Hornady ya fito da harsashin 6.5 Creedmoor, wanda aka tsara domin harbin nesa, a 2015 kuma kamfanin Ruger ya fito da bindigar Ruger Precision Rifle a kan kimanin dalar Amurka 1,400. Kamfanoni irin su Tikka na ƙasar Finland suka biyo baya. Daga nan sabon shiga ya samu damar sayen bindigar kanti mai daidaiton da a da sai an ninka kuɗin sau biyu ko uku kafin a same shi. Gasar Precision Rifle Series, wadda aka fara a Amurka a 2012, har ta ware rukuni na musamman domin bindigogin kamfani, tare da ƙayyade iyakar farashinsu.

Duk da haka masu ƙira bisa oda ba su rasa kasuwa ba, domin manyan 'yan gasa har yanzu a wurinsu suke saye. Dalilin kuwa shi ne kamfani yana ƙera dubbai a kan ma'auni ɗaya, a cikinsu a samu mai kyau ƙwarai a samu matsakaiciya, alhali maƙeri yana tsayawa a kan guda ɗaya har sai ta yi daidai. Sai dai wannan fifiko ba ya amfanar wanda bai iya karanta iska ba. A nisan yadi 1,000 iska mai matsakaicin ƙarfi tana iya kautar da harsashi da ƙafa da yawa, abin da ya zarce duk wani bambanci tsakanin bindigogin biyu.

Kuɗin da ke ɓoye

Mai lissafi irin na ɗan kasuwa zai lura cewa kuɗin bindigar kanta shi ne ƙaramin kaso. Madubin hangen nesa mai nagarta yakan kai kuɗin bindigar ko ya ɗara. Harsashi kuma ci yake kamar mai a mota. Bututu ma yana ƙarewa, domin zafin albarushi yana cinye makogwaronsa a hankali. Bututun harsashi mai gudu irin 6.5 Creedmoor yakan fara rasa daidaito bayan harbi dubu biyu zuwa uku, na .308 kuma yakan fi haka jimawa. Wanda ke atisaye sosai zai canza bututu ko da wace irin bindiga ya saya.

A wajen sayarwa ma akwai bambanci. Bindigar sanannen kamfani tana da farashin da kowa ya sani, tana da takardar garanti, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwa. Wadda aka yi bisa oda kuwa kamar riga ce da tela ya ɗinka wa mutum, ba lallai ta zauna wa wani daidai ba, don haka mai ita yakan yi asara idan ya tashi rabuwa da ita. Shi ya sa shawarar da aka fi bai wa sabon shiga ita ce ya fara da ta kamfani, ya zuba rarar kuɗin a madubi da harsashi da horo, sai ranar da hannunsa ya fi ƙarfin bindigar ya nemi maƙeri.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Duk wannan lissafi na ƙasashen da wasan ya kafu ne. A nan gida, Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Kaso na farko shi ne haramtattun makamai, waɗanda suka haɗa da bindigogin soja masu cin harsashin 7.62mm da .303 da kuma fistol, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu. Kaso na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar wasanni da ta iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kaso na uku shi ne bindigogin ɗuri ta baki, irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke kula da su. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani.

Game da ƙira, dokar ta keɓe ta ga ma'ajiyar makamai ta gwamnati da masana'antun soja. Abin da farar hula zai iya samu shi ne izinin gyaran bindigogin kaso na biyu, ko izinin ƙera na ɗuri ta baki tare da amincewar gwamnan jiha. Ma'anar wannan ita ce babu maƙerin da ke da hurumin haɗa wa mutum bindigar harbin nesa bisa oda, komai gwanintarsa. Mallakar haramtaccen makami ba da lasisi ba kuwa tana jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Shigo da ita daga waje ma ba ƙaramin aiki ba ne. Ban da lasisi, sai an samu takardar shaidar mai amfani da kaya daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda ta gaji dakatarwar da shugabannin yankin suka sanya wa hannu a Abuja a 1998. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sababbin lasisi, a 2024 kuma aka sanya hannu kan dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Ga kuma faɗuwar darajar naira, wadda ta haura 1,500 a kan dala 1 a 2024, abin da ya mayar da bindigar dala 1,400 ta zarce naira miliyan 2 tun kafin a yi maganar madubi da kuɗin fito.

Hannun maƙeran Filato

Ba rashin gwanaye ne ya kawo wannan tsauri ba. Yankin ya san narkar da ƙarfe tun zamanin al'ummar Nok, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 yana ajiye da kayayyakin wancan zamani. Haƙar kuza ta zamanin Turawa ta bar wa garin makanikai da masu walda da masu aikin injin yanka ƙarfe, waɗanda magadansu ke aiki a wurare irin su Dilimi. Mafarautan karkara sun daɗe suna dogara ga bindigar ƙirar gida saboda araharta da sauƙin gyara, ko da yake ba ta cin nesa, kuma idan ƙarfen bututun ba na kirki ba ne tana iya fashewa a hannun mai ita.

Rikice-rikicen da jihar ta sha fama da su tun daga 2001 sun sauya yadda hukuma ke kallon sana'ar. Dakarun tsaro sun sha bankaɗo wuraren ƙera bindigogi ba bisa ƙa'ida ba a wasu sassan jihar, kuma duk wanda aka samu da irin wannan kaya, mai ƙira ne ko mai saye, kotu ce makomarsa.

Ƙofar da ke buɗe ga mai jari ita ce ta hukuma. Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, DICON, wanda aka kafa a Kaduna a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, ya samu sabuwar doka a 2023 wadda ta ba shi ikon sa ido kan masana'antun kayan tsaro da yin haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Masu injinan sarrafa ƙarfe da suka cika sharuɗɗa suna iya neman shiga ta nan a matsayin masu samar da kayan aiki.

Shi kuwa mai sha'awar wasan kansa, hanyar da ta fi kusa ita ce harbi da bindigar iska a nisan mita 10, wanda yake cikin wasannin Olamfik, a ƙarƙashin ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa. A nan ake koyon riƙo da numfashi da jan kunama, waɗanda su ne tushen harbin nesa. Wanda ya ƙware kuma yake da hali yana iya neman shiga gasa a Afirka ta Kudu, inda filin Janar De Wet da ke Bloemfontein ya karɓi baƙuncin gasar F-Class ta duniya a 2023.