Mu gyara soro tun ruwa bai sauka ba

Jama'a, watan Afirilu ya kama, aikin gona bai taso ba. Yanzu ne lokacin duba ɗakuna.

Maigida, hau bisa soro ka duba. In ka ga tsaga, ko ƙarama ce, cike ta. Kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi da kashin shanu. Bar ta ta kwana uku ko huɗu, kana ka yaɓa. Wannan aiki ba ya cin ko dala.

Indararo ne aka fi mantawa da shi. In ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, ya ratsa ƙasa, azara ta ruɓe. In gajere ne, ruwa ya dinga zuba gindin bango yana cinsa. Wata rana cikin Agusta, da dare, bango ya auka wa masu barci.

Azara kuwa tsada gare ta, don ba a sare giginya sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Wanda rufinsa ya faɗi cikin damina, hatsin rumbu zai saida ya biya magini, ga noma yana jiransa.